Shamuwa Ba Ta da Laifi

Babana Arzika bai rataye kalanda ba,
gawon bakin gona ne littafinsa.
In ganye ya soma zuba a gindinsa
sai ya ce, "Labbo, wasa fartanya,
ruwa na bakin ƙofa."
Shamuwa ta sauka kan kukar masallaci,
kafin mako ya zagayo ƙasa ta sha, ta yi ƙamshi,
mu binne 'yan yatsun gangamau a fadamar Wurno,
mu koma gida mu yi barci har da minshari.

Shekara huɗu ke nan
shamuwa ta zo a kan lokacinta,
ta yi sheƙa, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe,
sama ba ta ce uffan ba.
Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin,
yara suka fito da riguna a hannu,
iska ta kwashe shi ta kai wa wasu.
Irina buhu uku
ya gasu a ƙasa kamar dankali a toka.
Na tono ɗaya, na matsa,
ya zama gari a tafina.

Sai watan takwas ya shigo da fushi,
ruwan wata biyu a dare uku.
Gulbin Rima ya manta iyakarsa,
abin da rana ta rage, ambaliya ta ruɓar.
Gangamau na son laima, ba ya son wanka.

A dandali kowa da fassararsa.
Liman ya ce mu duba zukatanmu.
Malamin gona, daga kan babur,
ya ce sauyin yanayi ne, hayaƙin ƙasashen nesa.
Nomau ya nuna kututturen da muka bari a daji,
ya ce, "Ga hayaƙinmu nan, na kusa."
Ni dai ga abin da na sani:
zafin da ke jiran azahar a da
yanzu da hantsi yake cizon ƙafata.

Tumba ce ta fara, ba ni ba.
Ta naɗe iri a jiƙaƙƙen buhu,
ta tura shi gindin randa, inda sanyi ke kwana.
Na yi mata dariya.
Kwana ashirin, ga idanu sun buɗe, fari tas,
na haɗiye dariyata ba ruwa.

Yanzu ba na zuba ƙwaina a kwando ɗaya.
Kashi uku nake raba iri:
na ruwan fari, na mai haƙuri,
da na ramin gindin mangwaro, don ko-ta-kwana.
Kunya na ɗaga ta har gwiwa,
na yanka wa ruwa hanyar fita,
baƙon da bai san sallama ba a nuna masa ƙofa.
Buntun shinkafar da mai inji ke ƙonawa
ni nake kwasa a amalanke,
in lulluɓe ƙasa kamar jinjiri.
Masara a gefe, tana riƙe wa gangamau lema.
Mu biyar muka haɗa kuɗin famfo mai aiki da rana;
muna faɗa kan layi, amma muna ban ruwa.
Ranar da ta ƙone mu, ita ke jawo mana guga.

Ige, autata, takan karanta min waya,
"Baba, sun ce jibi."
Wani lokaci jibin ya zo, wani lokaci ya ɓata hanya.

Bana buhu tara na tono.
Ba kamar na zamanin Arzika ba,
amma tukunya ta tafasa, shanya ta cika rufin soro,
hannun Tumba ya rine har wuyan hannu,
ko sabulu ya sallama.

Jiya shamuwa ta sauka kan kuka.
Na ɗaga hula, na yi mata barka da zuwa,
don ita ma, na lura, duban sama take yi.
Sannan na shiga ɗaki, na durƙusa,
na taɓa buhun gindin randa.